Wasiƙa daga Amurka: Yadda aka kifar da gwamnatin Gwatemala a 1954

'Yan uwa masu karatu a gida, assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ku da iyalai.

Idan aka ce Amurka ta kifar da wata gwamnati, mutane kan zaci rundunarta ce ta sauka da tankoki. Abin da ya faru a Gwatemala, wata ƙasa a Amurka ta Tsakiya, ba haka ba ne, kuma ya kamata a san shi dalla-dalla, tunda hukumar leƙen asiri ta CIA da kanta ta fara sakin takardun aikin a 1997.

Tushen ya daɗe. A 1823 Shugaba Monroe na Amurka ya gargaɗi ƙasashen Turai su janye hannu daga nahiyar Amurka. A 1848 Amurka ta karɓe kusan rabin ƙasar Meziko, a 1898 ta amshi Filifin da Puerto Rico daga Sifen. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai aka daina mamaye ƙasa, aka koma zaɓar wanda zai mulke ta, da sunan yaƙi da gurguzu.

A Gwatemala, kamfanin ayaba na United Fruit shi ne wuƙa shi ne nama. Yana da fili kusan eka 550,000, amma abin da yake nomawa bai wuce kashi 15 cikin 100 ba, kuma layin dogo da tashar jiragen ruwa ta Puerto Barrios duk a hannunsa suke. A Yunin 1952 zaɓaɓɓen shugaba Jacobo Árbenz ya sa hannu a Doka ta 900: a karɓi gonakin manya da aka bari ba noma, a raba wa talakawa, a biya diyya bisa ƙimar da mai gonar ya rubuta a takardar harajinsa. Nan gizo yake saƙa. Kamfanin ya shekara yana rage ƙimar filinsa don guje wa haraji, sai ga gwamnati ta ba shi dala 627,000 kan kashin farko na filin da ta karɓe, ita kuwa Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta nema masa kusan miliyan 16. Iyalai wajen 100,000 suka samu gona.

A Agustan 1953 Shugaba Eisenhower ya amince da shirin da aka laƙaba wa PBSUCCESS, aka ware masa kimanin dala miliyan 2.7. Aka fara da mayar da ƙasar saniyar ware. An hana sayar mata da makamai, sannan a taron ƙasashen nahiyar a Caracas, Maris 1954, sakataren harkokin wajen Amurka John Foster Dulles ya samu ƙuri'a 17 kan ƙudurin la'antar gurguzu. Gwatemala kaɗai ta ƙi, Meziko da Ajantina suka ƙaurace. Da Árbenz ya rasa inda zai sayi bindiga sai ya nufi Cekoslobakiya, ƙasar 'yan gurguzu, jirgin ruwan Alfhem ya sauke kayan a watan Mayu, Washington ta ce ga hujja ta fito.

Sai rediyo. Tun 1 ga Mayu wata tasha mai suna Muryar 'Yanci ta riƙa cewa daga cikin dajin Gwatemala take magana, alhali daga wajen ƙasar take watsawa, tana ba da labarin dubban mayaƙa da babu su. Mayaƙan gaske, ƙarƙashin Kanar Carlos Castillo Armas, kusan 480 ne. Sun tsallako daga Honduras ranar 18 ga Yuni, kuma a fagen daga ba su taɓuka komai ba: an fatattake su a Gualán, an fatattake su a Puerto Barrios. 'Yan jiragen sama ƙalilan da CIA ta samar suka riƙa jefa bam da takardu a babban birni, ɓarnar kaɗan, ƙarar da yawa.

To me ya kayar da gwamnatin? Tsoron hafsoshi. Jakadan Amurka John Peurifoy ya sa sun gaskata cewa in suka murƙushe Castillo Armas, sojan Amurka ne za su biyo baya. Rundunar da gwamnati ta tura garin Zacapa ta ƙi faɗa, hafsoshi suka nemi shugaban ya sauka, ya yi murabus ranar 27 ga Yuni, kwana tara da soma harin.

Masu cewa don ayaba kawai aka yi duk wannan suna da abin kamawa, domin ofishin lauyoyin da 'yan uwan nan biyu, Foster da Allen Dulles na CIA, suka fito ya yi wa kamfanin aiki. Amma a ganina sun taƙaita. 'Yan kwanaki bayan juyin mulkin gwamnatin Amurka ta maka United Fruit a kotu kan babakeren kasuwa. Abin da ya fi tayar wa Washington hankali shi ne kusancin Árbenz da shugabannin jam'iyyar gurguzu, duk da kujera 4 kacal suke da ita a majalisa mai 56. Jami'an CIA sun tattara takardun gwamnatin da aka hamɓarar don neman shaidar cewa Tarayyar Sobiyet ce ke juya ta, ba su samu ba.

Castillo Armas ya soke Doka ta 900, ya kori manoma daga gonakin, ya hana waɗanda ba su iya karatu ba yin zaɓe, aka harbe shi a 1957. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1960 bai ƙare ba sai 1996. Hukumar binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa ta ƙiyasta a 1999 cewa sama da mutum 200,000 aka kashe ko aka ɓatar, mafi yawansu 'yan ƙabilar Maya, 'yan asalin ƙasar, ta ɗora kashi 93 cikin 100 na ta'asar kan jami'an gwamnati da 'yan kanzaginsu.

Ita kuwa CIA ta ɗauka ta samu laƙani. A Afrilun 1961 ta maimaita shi a Kuba, da mayaƙa kusan 1,400 da aka horar a Gwatemalar nan. Sojan Fidel Castro, jagoran Kuba, ba su watse ba, domin ya riga ya rushe tsohuwar runduna ya kafa tasa, aka gama da maharan cikin kwana uku.

Wassalam,
ɗan uwanku a Amurka