Ɓoyayyen rufi da ruwan Agusta a Kano

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Kano a 'yan shekarun nan, daga Rijiyar Zaki zuwa Danbare, ko ta Hotoro, ya ga yadda yayin fuskar gida ya sauya. An fara barin dogon rufin nan mai tsini da manyan filoli a baranda, an koma gida mai kusurwa huɗu, kwano a ɓoye bayan farafet, wato ɗan bangon da ke zagaye saman gini, fenti fari da ruwan toka, dogayen tagogi masu baƙin gilashi. Irinsa na tsaya aka gina a Rijiyar Zaki, ɗaki huɗu da falo biyu, kuma har gobe ina ganin kyawunsa. Sai dai kwatar rufinsa ta ci kuɗin da in na tuna har yanzu raina yana ɓaci.

A gidan da kwanonsa ya zarce bango, ruwa a waje yake zuba ko da kafinta bai ƙware ba. A ɓoyayyen rufi kuwa, duk ruwan da ya sauka a kan kwano yana taruwa ne a kwatar kankare da ke bayan farafet, daidai saman bangon ɗakuna, kuma ba shi da mafita sai bututu. Lissafin ba shi da wuya. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin nan ya kai murabba'in mita 240, to in aka tafka ruwa mai milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a Agusta, lita 12,000 ke nan, cikin tankin roba mai lita 2,000 har guda shida, kuma sau da yawa rabinsa a ɗan lokaci kaɗan yake sauka.

A zane, bututu shida aka sa, kowanne mai inci 4. Da aka zo aiki, son kada a ga bututu ko ɗaya a fuskar gida ya sa aka ce a binne su cikin fila. Mai aikin famfo ya duba ya ce, "Alhaji, mai inci huɗu ba zai shiga fila ba, zai ture rodi." Gaskiya ya faɗa, domin filar inci 9 ce, in ka cusa mata wannan bututu ka cinye mata ƙarfi. Amma maganin da ya kawo, wato a sa mai inci 2, shi ya jawo komai. Mutane suna ɗauka mai inci 2 rabin mai inci 4 ne. Ba haka ba ne, bakinsa kashi ɗaya cikin huɗu ne kacal. Bututu shidan nan gaba ɗaya ba su wuce bututu ɗaya da rabi mai inci 4 ba. An zuba kankare a kansu, an yi filasta, an yi fenti, babu mai iya gani.

Ruwan farkon damina bai nuna komai ba. Da Agusta ta kama, aka yi ruwa mai ƙarfi da dare, kwata ta cika ta tumbatsa, ruwa ya bi ta ƙarƙashin bakin kwano ya sauka kan katako, daga nan ya kwanta a kan silin. Silin falo na fi-o-fi (POP) ne, ya sha ruwa ya yi nauyi, wani ɓangare ya rufto, wayoyin fitilu suka jiƙe, fentin bango ya kumbura yana ɓarewa. Da na hau sama na tarar da ruwa kwance har idon sawu. Na zura hannu bakin bututun da ke kusurwar gabas, na zaro ledar fiya wata a dunƙule cikin laka, da gashin tattabara da busasshen ganyen darbejiya. Lakar nan ƙurar hunturu ce da ta taru tun Disamba, ruwan farko ya kwaɓa ta ya tura ta bakin bututu. Bututu mai inci 4 zai haɗiye wannan ya wuce. Na kuma lura ƙasan kwatar a miƙe yake sam, babu gangara, har ma ya ɗan lotsa a tsakiya, ruwa yana zama a inda babu bututu ko kusa.

Ga yadda aka gyara, kuma da haka nake sa a yi tun farko yanzu. Tsofaffin bututun an toshe su an bar su a cikin fila, don fasa fila ya fi ɓarna. An huda farafet ta gefe da bayan gida an sa sababbi masu inci 4, ɗaya ga kowane murabba'in mita 40 zuwa 50 na rufi. Biyun da suka zama dole a gaba, an ɗaga musu ginshiƙin ado na bulo mai rami a ciki, ba ya ɗauke da nauyin komai, aka bar ƙaramar ƙofa a ƙasansa don sharewa. Fuskar gidan ma ta ƙara kyau da su. An sake shafe ƙasan kwata da siminti da gangara ta santimita 1 a kowace mita zuwa bakin bututu, aka zagaye kusurwoyin don kada shimfiɗa ta karye a nan. Sai shimfiɗar kwalta mai kaurin milimita 4, wadda ake gasawa da wutar gas, aka haura da ita jikin farafet da kuma ƙarƙashin bakin kwano. A nemi mai tsakuwa-tsakuwa a baya, domin ranar Afrilu da ke wuce digiri 40 tana gasa tsurar kwalta ta tsattsage. Inda kwano ya haɗu da bango, an tsaga layi a jikin bangon an cusa bakin faifan alminiyam a ciki sannan aka liƙe. Shafa siminti kawai a wurin ba ya daɗewa, kwano yana miƙewa da rana ya tsuke da dare, sai simintin ya rabu. Kowane bakin bututu an kifa masa raga mai tudu. Kafin a mayar da silin, an toshe bututun an cika kwata da ruwa an bar shi ya kwana biyu, ana leƙawa ta ƙasa.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne indararo. Wani dattijon magini daga cikin gari ya hau ya duba, ya ce, "Yaro, rawani ba indararo ai ba gini ba ne." Rawani shi ne farafet ɗin ginin gargajiya. Ka je Gidan Makama, ko ka dubi Gidan Rumfa da ya samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ko Gidan Ɗan Hausa. Rufinsu ma a ɓoye yake bayan rawani, ga zankwaye a kusurwa, amma dogon indararo yana huda rawanin ya cilla ruwa nesa da bango, tun da bangon ƙasa ba ya haƙuri da ruwa. Ɓoyayyen rufi ba baƙo ba ne a garin nan, mafitar ruwan ce aka yar a hanya. Mun huda farafet mun sa indararo na kankare, kimanin santimita 5 ƙasa da bakin kwano, ya fito waje santimita 40. Ba ya zuba sai ranar da bututu ya toshe, kuma ranar da ka ga yana zuba ka san akwai aiki a sama. A dai kula kada a juya bakinsa gidan maƙwabci ko kan masu wucewa a lungu.

Sauran abubuwan fuskar gida ba su ba ni wahala kamar wannan ba, amma duk ruwa da ƙura ne ke hukunci a kansu. Saman farafet yana buƙatar hula ta kankare da ta zarce bango santimita 4 zuwa 5, mai ɗan karkata zuwa ciki, da tsagi a ƙarƙashin leɓenta don ɗigon ruwa ya yanke. In babu ita, ƙurar da ta kwanta a sama za ta gangaro da ruwan farko ta zana jajayen layuka a farin bango. Haka kowace taga tana son rumfar kankare ta santimita 45 zuwa 60, musamman ta yamma, tun da babu kwanon da zai yi mata inuwa.

Ruwan toka mai duhu yana da kyau a hoto, amma a bangon yamma yana shan zafin la'asar ya riƙe shi har dare, kuma shi ke fara koɗewa. Na bar shi a ginshiƙai da gefen tagogi kawai, sauran na sa ruwan madara, wanda ya fi fari tas ɓoye jar ƙurarmu. Fenti mai ƙurji-ƙurji yana rufe aibin filasta, sai dai duk ƙurar hunturu a jikinsa take maƙalewa. Filastar waje buhun siminti ɗaya ga kwanon sarki takwas na yashi mai tsabta, a yi ta ba ta ruwa mako guda, a bar ta kusan mako huɗu kafin fenti. Wadda aka yi cikin hunturu ba a jiƙa ta ba, za ta tsattsage tun kafin a tare. Adon fi-o-fi ba na waje ba ne ko kaɗan, a yi shi da siminti. Daga ƙasa zuwa santimita 60 ko 90 a sa dutse ko tayil, domin nan ruwa ke fantsama da laka, kuma a shafe bayan tayil ɗin duka da gam ɗinsa. Wanda aka ɗiga wa siminti dunƙule-dunƙule yana faɗowa ɗaya bayan ɗaya.

Duk waɗannan ana iya gyara su daga baya da kuɗi kaɗan. Kwata ce ba ta yafiya, gyaranta ya haɗa da silin, waya, katako da fenti, kuma ya zo lokacin da aljihu ya riga ya bushe. Kafin ka kai zane KNUPDA, wato hukumar tsara birane ta jihar Kano, ka ce wa mai zanen ya ba ka shafin rufi daban, mai nuna faɗin kwata, gangararta, yawan bututu da girmansu, da inda indararo zai fito. Kwatar kada ta gaza santimita 45 a faɗi, yadda mutum zai iya tsayawa a ciki da tsintsiya. Ranar da za a zuba kankare ka tsaya da kanka ka auna bakin kowane bututu da tef. Ka kuma bar hanyar hawa sama, ko tsani na ƙarfe a bayan gida, domin shara ta zama dole a ƙarshen Afrilu kafin ruwan farko, sannan a sake bayan ruwa na biyu ko na uku, lokacin da sauran ƙurar da ke kan kwano ta gama gangarowa.