Yau na taka ganuwar Surame

Asabar, bayan isha'i.

Ƙafafuna har yanzu zugi suke yi, kuma na fi rabin awa ina cire ƙarangiya daga bakin wando. Amma ba zan kwanta ba sai na rubuta abin da na gani yau, tun yana da ɗumi a zuciyata.

Shekara tara ke nan ina koyar da tarihi a sakandare, ina rubuta sunan Muhammadu Kanta, sarkin Kebbi na farko, a allo, ban taɓa zuwa birninsa Surame ba, alhali yana nan ƙasar Binji, ba nisa da Sakkwato. Jiya na ce wa ƙanena ya shirya. Muka fara tambayar lafiyar hanya, aka ce babu komai, muka kama mota bayan asuba, daga baya muka hau babur.

Wani dattijo muka tarar yana kiwon awaki kusa da ganuwa. Muka gaisa, na ce, "Baba, wurin Kanta muka zo gani." Ya dube ni ya ce, "To Malam, ai kana tsaye cikin gidansa." Ya bar wa jikansa awakin ya shige gaba, muna biye.

Ganuwar ta duwatsu ce da jar ƙasa, an jera su ɗaya kan ɗaya, wani wuri ta zube, wani wuri tana tsaye kamar jiya magina suka tashi. Na ɗora tafin hannuna a kan wani dutse, rana ta gasa shi, wani ƙadangare ya fito daga tsagar da ke ƙasansa ya tsaya yana gyaɗa kai. Sama da shekara 400 ke nan da wani mutum ya ɗauko dutsen nan a ka. Sai da tsigar jikina ta tashi.

A ƙarƙashin wata kuka muka zauna, ni da Baba muna haɗa abin da na karanta da abin da ya ji daga kakanni. Kanta ya bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, aka saɓa a kan rabon ganima, wajen 1516 ya ce ba ya bi kuma. Songhai, da duk ƙarfinta, ta turo runduna ta koma hannu rabbana. Wannan kowa ya sani. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarshensa.

Mai na Barno ya taso da runduna har ya kewaye Surame. Baba ya ce da mazaje suka ƙare, sai Kanta ya sa aka jingina gawarwaki a kan ganuwa, aka rataya musu baka, aka tsaga bakunansu. Barebari suka hango daga nesa, suka ga mutane suna ta yi musu dariya bayan duk wannan ɗauki ba daɗi, sai gwiwarsu ta yi sanyi suka juya. Yana faɗa yana nuna saman ganuwar da sandarsa, kamar yana ganinsu.

Da wani sarkin ne, da ya gode wa Allah ya zauna gida. Kanta kuwa ya ɗaura sirdi ya bi su. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta a littafinsa Infaƙul Maisuri cewa Kanta ya kai har Nguru, can Yobe ta yau, aka gwabza sau bakwai, duk shi ya yi rinjaye, ya kwaso ganima mai yawa. Na tsaya ina auna tafiyar nan a kan doki, daga nan har Nguru, da ƙishirwa da ciyawar dawaki da raunukan mayaƙa, ga shi kuma ba yaro ba ne a lokacin.

A kan hanyar dawowa ne, a Dugul cikin ƙasar Katsina, ya haɗu da waɗansu da suka yi masa tawaye. Aka yi faɗa mai zafi, kibiya ta same shi. Ya daure har Jirwa, nan rai ya yi halinsa. 

Nan ne na yi shiru. Mutumin da Askiya ya kasa, Mai ya kasa, wani maharbi guda ya ja tsirkiya ya gama da shi, yana kan hanyar gida da nasara a hannu. Na yi ta tunanin mayaƙan da suka ɗauko shi. Sun bar Nguru da kiɗan tambura, suka iso ƙofar nan da gawa. Wa ya fara shiga ya faɗa wa mutanen gari?

Na ce, "Baba, ina kabarinsa?" Ya ce, "Ɗana, kaburbura da yawa aka haƙa masa, don kada maƙiya su gane wanda yake ciki. Haka muka ji." Sai muka ɗaga hannu a inda muke, muka yi masa addu'a, Allah ya jiƙansa.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne shirun wurin. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kebbi, sannan Argungu, inda gidan tarihi ke ɗauke da sunansa, Surame kuwa aka bar ta ga awaki da iska. Duk yinin nan ba mu ga baƙo ko ɗaya ba sai mu. Ɗalibaina sun san 'yan ƙwallon Turai har da lambar rigarsu, kuma laifin har da ni, tunda Kanta da nake ba su layi uku ne na haddar jarrabawa.

Mun sallami Baba da goro da ɗan abin da ya sawwaƙa, ya raka mu har bakin hanya. Ƙanena ya ɗauki hotuna sun kai arba'in a wayarsa. Ranar Litinin aji biyu nake da su da safe, zan roƙi shugaban makaranta ya ba ni taswirar nan da ke ofishinsa, mu bi hanyar da yatsa daga Surame zuwa Nguru, mu dawo mu tsaya a ƙasar Katsina.