Rafale da takardar bahasi

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki, kuma tunda al'adar gidan jaridar nan ce mai tafiya ya bar wa na baya 'yan kalmomi, ga nawa. Ba zan ɓata muku lokaci da zancen taron safe da jiran janareta ba, kun fi ni sani. Tsofaffin hannu sun san abin da ya sa aka ɗauke ni daga teburin tsaro a 2019 aka mai da ni kan sakamakon ƙwallo da farashin hatsi. Sababbi kuwa abin da ya kai kunnensu shi ne wai na taɓa shara ƙarya a kan Indiya. To, yau su ji daga bakina.

Maganar jiragen Rafale ce. A watan Agustan 2007 Indiya ta buɗe gasar kwangilar jiragen yaƙi 126, domin tsofaffin MiG-21 da ta fara karɓa daga Tarayyar Sobiyet tun 1963 sun gaji, suna ta faɗuwa da matuƙansu. Jirage shida suka shiga: F-16 da F/A-18 na Amurka, MiG-35 na Rasha, Gripen na Suwidin, Eurofighter Typhoon na haɗakar Turai, sai Rafale na kamfanin Dassault na Faransa. Aka gwada su a zafin hamadar Jaisalmer, aka kai su tudun Leh inda inji ke shan wuya kafin ya ɗaga. A 2011 saura biyu, ranar 31 ga Janairun 2012 aka ce Rafale ya fi sauƙin kuɗi. Sharaɗin shi ne 18 su zo a haɗe daga Faransa, sauran 108 kamfanin gwamnatin Indiya, HAL, ya ƙera su a gida. Nan aka cije. Dassault ya ce ba zai ɗauki alhakin ingancin jirgin da ba a masana'antarsa aka haɗa ba, HAL kuma ya ce aikin zai ci masa awoyi ninki 2.7 na abin da Faransawa suka ƙiyasta. Aka shekara uku ana abu ɗaya. A Afrilun 2015 Firaminista Narendra Modi ya je Paris ya sanar cewa 36 kawai za a saya, duka a haɗe, aka sa hannu ranar 23 ga Satumban 2016 a kan yuro biliyan 7.87, wajen rupi biliyan 590.

Jam'iyyar adawa ta Congress, wadda ke mulki lokacin da aka buɗe gasar, ta yi caa. Jagoranta Rahul Gandhi ya riƙa nanata cewa a zamaninsu rupi biliyan 5.26 ne kuɗin jirgi ɗaya, yanzu ya haura biliyan 16. Ga kuma batun attajirin Indiya Anil Ambani, wanda kamfaninsa bai taɓa ƙera jirgi ba amma ya zama abokin hulɗar Dassault a cikin kason kwangilar da dole a mayar Indiya. Kotun ƙolin ƙasar ta ƙi ba da umarnin bincike a Disambar 2018, amma zaɓensu na tafe, wutar ba ta mutu ba.

A Fabrairun 2019 ne Oga, editanmu, ya kira ni. Kun tuna makon, an ɗage zaɓenmu da tsakar dare, rabin ma'aikata na jihohi, shafin ƙasashen waje kuma fayau ba komai. Na same shi da tsohuwar kalkuletarsa, wadda aka ɗaure marfin batirinta da salatif. Ya danna 590, ya raba da 36, ya juyo mini da fuskarta.

"Malam, ga labarinka nan. Ninki uku. Kafin la'asar nake so."

Na ce, "Ranka ya daɗe, rabon daidai ne, amma abubuwan da ake gwamawa ba iri ɗaya ba ne."

Na zauna na warware masa. Wancan biliyan 5.26 kuɗin jirgi ne tsurarsa, daga tayin da aka yi shekaru da dama baya, wanda ba a taɓa sa masa hannu ba. Wannan biliyan 16 kuwa ya haɗa da makamai masu linzami na Meteor da SCALP, da gyare-gyare 13 da Indiya ta nemi a yi mata ita kaɗai, da kayan gyara, da na'urorin koyon tuƙi, da horar da matuƙa da makanikai, da alkawarin cewa har shekara biyar kashi 75 cikin ɗari na jiragen za su kasance a shirye su tashi a kowane lokaci. Kuɗin jirgin tsurarsa a sabuwar kwangilar, kamar yadda ƙaramin ministan tsaro ya faɗa wa majalisa a Nuwambar 2016, wajen rupi biliyan 6.7 ne. Wanda ya gwama kuɗin kango da kuɗin gidan da aka rufe, aka ja wa wuta, aka zuba wa kaya, ba zai rasa ninki uku ba. Kwanaki kaɗan kafin nan, ranar 13 ga wata, babban mai binciken kuɗi na Indiya ya miƙa wa majalisa rahotonsa, ya ce idan aka daidaita komai da komai sabon cinikin ya fi tsohon tayin sauƙi da kashi 2.86 cikin ɗari, ko da yake an ɓoye ainihin alƙaluman a rahoton bisa buƙatar ma'aikatar tsaro.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne ban taɓa ce masa cinikin tsaf yake ba. Na ce masa akwai labari, sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Jaridar The Hindu ta fallasa a Janairun shekarar cewa waɗancan gyare-gyare 13 kuɗin tsara su yuro biliyan 1.3 ne, ko jirgi nawa ka saya. A tsohon tayin biliyan 1.4 ne, amma a kan jirage 126, kowanne ya ɗauki wajen miliyan 11. Da aka dawo 36, sai kowanne ya ɗauki miliyan 36. Wannan ƙarin na gaske ne, kuma shawarar rage yawan jiragen ce ta haife shi. Gwamnatin Faransa ba ta tsaya wa cinikin da lamuni ba, wasiƙar kwantar da hankali kawai ta bayar, babu kuma lamunin banki, kuma mai binciken kuɗin da kansa ya ce rarar da aka samu daga rashin lamunin aljihun Dassault ta faɗa. Ga wata takardar cikin gida ta ma'aikatar tsaro ta 2015 da ke ƙorafin cewa ofishin Firaminista na tattaunawa da Faransawa ta bayan fage alhali kwamitin ciniki na kan teburi. Ga jirage 90 da suka bi iska, ga fasahar ƙira da aka yi burin samu ba a samu ba. Duk wannan na zuba a rubutuna, da madogararsa, na miƙa kafin la'asar.

Ya karanta yana karkaɗa ƙafa. "Wa zai karanta wannan lissafin? Mutanenmu sun ga badaƙalar kuɗin makamai ta dala biliyan 2.1 da idonsu. Ko'ina haka ake yi, Malam. Ka je, zan duba."

Washegari na buɗe shafi na ga sunana a kan abin da ban rubuta ba. Kan labarin ya ce Modi ya ninka kuɗin jirage sau uku. Inda na rubuta cewa 'yan adawa na zargi, an goge zargin, magana ta tsaya kamar hukuncin kotu. Sakin layin mai binciken kuɗi babu shi ɗungurum. Maganar yuro biliyan 1.3, wadda ita ce ƙashin bayan aikin, an datse ta wai don shafi ya ɗauka.

Ba a jima ba wasiƙa ta zo wa hukumar gudanarwa daga wani tsohon hafsan sojin sama, irin waɗanda suka yi kwas a Indiya, ya bi labarin layi-layi ya yi masa kaca-kaca. Kusan duk abin da ya kawo shi ne abin da aka cire daga rubutuna. Aka tara mu. Oga ya sunkuyar da kai kamar mai jimami, ya ce shi ma yarda ce ta ci shi, yaro ne mai ƙwazo amma lissafi ba fanninsa ba ne. A lokacin kwamfutar gidan nan ba ta ajiye tsohon rubutu, wanda ya gyara na ƙarshe shi ya shafe na farko. Mai tace labarai na dare, wanda a gabansa aka yi komai, yana zaune a wajen yana wasa da makullin babur ɗinsa, bai ɗago ba. Ba na riƙe shi a zuci, mai iyali ne. Aka ba ni takardar neman bahasi, aka buga gyara da ban-haƙuri da sunana a ciki, aka ce in je in huta a teburin wasanni.

A makon da nake rubuta amsar bahasin, ranar 27 ga Fabrairu, Pakistan ta harbo jirgin Indiya ta kama matuƙinsa, Abhinandan Varthaman. MiG-21 ne, irin wanda aka buɗe gasar 2007 don a maye gurbinsa. Ina fassara sakamakon ƙwallo ina kallon labarin a talabijin ɗin ofis, babu wanda ya tambaye ni ko kalma.

Ban daina bibiya ba, sai dai a littafin kaina. Da tafiya ta yi tafiya na fahimci cewa ni da Oga duka a kan kuɗi muke jayayya, alhali babbar asarar Indiya ta lokaci ce. Rafale biyar na farko sun sauka a Ambala ranar 29 ga Yulin 2020, shekara 13 bayan buɗe gasar, na ƙarshe kuma a ƙarshen 2022. Rundunar sojin saman da aka ƙayyade mata rukuni 42 na jiragen yaƙi ta sauko wajen 30. MiG-21 bai yi ritaya ba sai Satumbar 2025 a Chandigarh, bayan shekara 62 yana aiki. Tejas, jirgin da suka ƙera da kansu, an fara shirinsa a 1983, ya fara tashi a Janairun 2001, rukuninsa na farko bai tsayu ba sai 2016. Injin Kaveri da suka so sa masa bai kai ƙarfin da ake buƙata ba, aka koma F404 na kamfanin GE na Amurka. A Fabrairun 2021 aka ba HAL kwangilar sabon samfurinsa guda 83, da alkawarin fara miƙawa a farkon 2024. Wa'adin ya wuce ba a miƙa ko ɗaya ba, injin farko na kwangilar ma sai Maris ɗin 2025 ya iso. Har shugaban rundunar, A.P. Singh, aka ji shi a bajekolin jirage na Bengaluru a 2025 yana gaya wa jami'an HAL cewa ba shi da ƙwarin gwiwa a kansu.

A ganina tushen abin tsoro ne. Tun badaƙalar bindigogin Bofors ta 1987, wadda ta taimaka wajen kayar da gwamnatin Rajiv Gandhi, jami'in Indiya ya gane cewa wanda ya sa hannu shi ake bincike, wanda ya danne fayil shekara biyar kuwa lafiya lau zai karɓi fanshonsa. Kan labari irin wanda aka buga da sunana, na ɓarawo ko ta halin ƙaƙa, shi ke ƙara wa wannan tsoro ƙarfi. Jinkiri kuwa ba shi da fuskar da za a sa a shafin farko, shi ya sa editoci irin namu ba sa ganinsa.

Sauran ba su da yawa. In ka ga jimillar kwangilar jirage, nemi abin da ke cikinta kafin ka taɓa kalkuleta. Ko namu Super Tucano 12 na kusan dala miliyan 500 akwai makamai da horo da gine-ginen Kainji a ciki. Zaɓen wanda ya ci gasa daban, sa hannu daban, isowar jirgi daban, kada ka haɗa su a jimla ɗaya. Cinikin da ba a yi rigima a kansa ba shi ma labari ne: jiragen dakon C-295 guda 56 da aka sa wa hannu a 2021, 16 daga Sifen, 40 kamfanin Tata na Indiya zai haɗa a Vadodara, ban ga mun ba su ko layi biyar ba. Ka tura wa kanka kwafin duk abin da ka miƙa, da lokacinsa a jiki. In babba ya ce maka "zan duba", kada ka tafi gida sai ka ga shafin.

Ga wanda zai riƙe teburin tsaro, na bar littafina mai baƙin bango a aljihun tebur na ƙasa, makullin na wajen sakatariya. Akwai jadawalin kowace kwangila da ranar alkawari da ranar cikawa. Biyu za ka sa wa ido: Rafale 26 na sojin ruwa da aka sa wa hannu a Afrilun 2025, da ƙarin Tejas 97 na Satumbar shekarar. Batun jirage 114 da suka fara neman bayani a kansu tun 2018 kuwa na bar masa shafuka da yawa ba rubutu, za ka buƙace su. Takardar bahasin tana nan a fayil ɗina na ofishin ma'aikata, na nemi a cire an ce sai wanda ya rubuta ta ya amince, shi kuma yanzu yana hawa na sama.