Abin da Taya Mai Inci Tara Ta Koya Mini Game da Tseren Motocin Masana'anta

A Amurka akwai wani nau'in tseren motoci wanda babu shan kwana a cikinsa, babu kuma kewaya fili. Motoci biyu ne ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a gaban wata sandar fitilu, da zarar koriyar fitila ta kama sai kowace ta zabura a miƙe, galibi har tsawon rubu'in mil, wato mita 402, wadda ta riga isa ita ce ta ci, wadda aka riga kuma ta koma gida. Hukumar NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a Kalifoniya a shekarar 1951, ita ce babbar mai kula da wannan tsere, kuma a ƙarƙashinta akwai rukunoni da yawa, tun daga dogayen motocin nan masu shan man nitro da ba su yi kama da komai a kan titi ba, har zuwa motocin da mutum zai iya rantsewa ya ga irinsu a ƙofar gidan maƙwabcinsa. Rukunin da na yi aiki a gefensa lokacin da nake karatun injiniyan motoci shi ne wanda ake kira Factory Stock Showdown, inda motocin da kamfanonin Chevrolet da Ford da Dodge suka ƙera da kansu domin tsere suke karawa. Aikina a wani ƙaramin gareji a jihar Indiyana shi ne rubuta bayanan kowane gudu, auna iskar taya, da taimaka wa maigidana wajen kwance inji da ɗaurawa.

Kafin mutum ya gane dalilin da ya sa 'yan kallo suke son wannan rukuni, sai ya koma shekarun 1960, lokacin da kamfanonin ƙera motoci na birnin Detroit suke ganin filin tsere wuri ne na tallar hajarsu. Ana danganta wa Bob Tasca, wani dillalin motocin Ford a jihar Rhode Island, maganar nan da ke cewa motar da ta ci tsere ranar Lahadi ita za a saya ranar Litinin, kuma daga garejinsa ne aka samo tunanin injin Cobra Jet wanda Ford ya saka a Mustang a 1968, motar ta kuma yi nasara a gasar Winternationals ta Pomona a wannan shekarar. A 1969 an ƙera Camaro guda 69 masu injin alminiyam da ake kira ZL-1, ta wata hanyar oda ta musamman mai suna COPO wadda asali an tanade ta ne domin masu sayen motoci da yawa a lokaci guda. Wannan tarihi ne kamfanonin suka farfaɗo da shi daga baya. Ford ya dawo da Cobra Jet a 2008 da motoci 50, Dodge ya biyo baya da Challenger Drag Pak, sannan Chevrolet ya dawo da COPO Camaro a 2012, inda ya fara da ƙera guda 69 a shekara domin tunawa da na farko. A wannan shekarar ta 2012 ce aka fara gasar Showdown a Indiyanapolis.

Abin da ya bambanta gasar da sauran rukunonin motoci masu kama da na titi shi ne cewa babu wanda ake bai wa rata. A rukunin Stock na gargajiya, mota mai rauni takan tashi kafin mai ƙarfi gwargwadon lissafin da aka yi musu, wanda adalci ne amma yana rikita ɗan kallo. A Showdown kuwa tare ake tashi, kuma ko yaro ya san wanda ya ci. Na ga magidanta da suka yi ritaya sun tsaya a bakin rumfarmu suna nuna wa jikokinsu motar, suna cewa irinta suka tuƙa a ƙuruciya, kuma na fahimci cewa wannan sanayya tsakanin ɗan kallo da mota ita ce jarin rukunin gaba ɗaya.

Darasi mafi girma da na koya ya fito ne daga ƙa'ida guda ɗaya, wato cewa faɗin tayar baya ba zai wuce inci tara ba, kimanin santimita 23. Motar tana da nauyin da ya kai kusan kilo 1,600, injinta yana ɗauke da na'urar da ke cusa masa iska da ƙarfi ta hanyar bel, kuma ƙarfinsa ya haura doki 1,200. Duk wannan ƙarfi sai ya bi ta wasu 'yan wurare biyu na roba da ke taɓa ƙasa kafin ya zama gudu, kuma duk da haka motocin suna gama rubu'in mil a ƙasa da daƙiƙa 8, da saurin da ya wuce kilomita 270 a sa'a. A aji an koya mana yadda ake ƙara wa inji ƙarfi, amma a gareji na tarar da yawancin aikin maigidana shi ne rage ƙarfin a daidai lokacin da ya kamata. Yakan zauna gaban kwamfuta yana jinkirta tartsatsin fulogi a cikin daƙiƙa ta farko da ta biyu bayan tashi, sannan ya riƙa mayar da shi kaɗan-kaɗan yayin da motar ke samun kama ƙasa. Duk direban da ya taɓa maƙalewa a laka da damina ya san wannan, domin idan ya danna totur har ƙasa taya za ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, sai wanda ya lallaɓa ne yake fita.

Kuskure yana da fuska biyu a nan. Idan ƙarfin ya yi yawa a kan hanya mai santsi, taya ta kubce, gudu ya lalace tun a mita goma na farko. Idan kuma hanyar tana da danƙo sosai, saboda ana fesa mata wani sinadari mai kama roba, sai gaban motar ya ɗaga sama har direba ya daina ganin hanya, dole ya saki totur, kuma saukar da za ta yi tana iya fasa kaskon mai ko ta lanƙwasa ƙafafun gaba. Tsakanin waɗannan biyun akwai wani siririn wuri, kuma yana matsawa da zafin kwalta, da danshin iska, da ko gajimare ya rufe rana minti goma kafin a kira mu. Shi ya sa lambar da maigidana ya fi dubawa a takardar sakamako ita ce lokacin da mota ta ɗauka ta cinye ƙafa 60 na farko. Ya sha faɗa mini cewa idan wannan lamba ta yi kyau sauran hanyar aikin inji ne, idan kuwa ta ɓaci babu dokin da zai gyara ta.

Daga nan ne na koyi daraja littafin rubuta bayanai, aikin da ake bai wa ƙaramin yaro a gareji amma wanda kowane hukunci ya dogara a kansa. Garejin da ya daɗe yana rubuta zafin hanya, nauyin iska, saitin shokozoba da sakamakon kowane gudu yana da abin da zai koma ya duba idan yanayi ya sauya, kuma wannan taska ba ta zuwa tare da motar daga kamfani.

Batun kuɗi kuwa shi ne inda na fi jin nauyin abin a raina. Farashin motar kansa ba ƙarami ba ne, ga shi kuma yana ta hawa. An sayar da Cobra Jet ta 2008 a kan kusan dala 70,000, COPO Camaro ta 2012 ta fara daga dala 89,000, Cobra Jet ta 2018 da aka ƙera guda 68 domin cika shekara 50 ta kai dala 130,000, Drag Pak ta 2021 kuwa ta haura dala 143,000. Kuma waɗannan motoci ne da ba a yi musu lambar rajistar hawa titi, ba za a je kasuwa da su ba, sai dai a ɗauke su a tirela. To amma abin da wanda ke waje bai sani ba shi ne cewa motar da ta fito daga kamfani ba ta isa ta shiga sahun gaba a Showdown yadda take ba. Mai niyyar nasara sai ya kai injin wurin ƙwararrun masu haɗa injin tsere a kwance shi a sake haɗawa, ya sayi na biyu ya ajiye, ya canza giyabos da shokozoba, ya biya kuɗin hayar fili domin gwaji, ya riƙa sauya tayoyi tun ba su tsufa a ido ba, sannan ga man babbar mota da masauki daga Fulorida zuwa Indiyana zuwa Tekzas. Na lura cewa kuɗin da ake kashewa domin rage kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa yana ƙaruwa ne yayin da ake kusantar gaba, kuma a rukunin da ake tashi tare, wannan ɗan kashi shi ne ke raba wanda ya samu gurbi da wanda ya loda motarsa ya koma tun ranar Asabar.

Lokacin da manyan ƙungiyoyi suka shigo, matakin ya ƙara hawa. Leah Pritchett ta lashe kambun 2018 da Challenger ta ƙungiyar Don Schumacher, a daidai lokacin da take kuma tuƙa motar Top Fuel, wato irin dogayen motocin nan masu shan man nitro. Drew Skillman ya karɓa a 2019 da Mustang, sannan Aaron Stanfield, wanda gidansu sana'ar haɗa injin tsere suke yi, ya ci 2020 da 2021 da Camaro. Nasarorinsu halal ne, kuma sun jawo wa rukunin ido da kyamarorin talabijin. Sai dai mutumin da ke da ƙaramin kamfanin gini, wanda ya tara kuɗi ya sayi mota ɗaya domin ya cika burin ƙuruciyarsa, ya wayi gari yana karawa da masu na'urar gwajin inji a cikin gidansu, kuma na ga irin waɗannan mutane suna janyewa zuwa rukunin da ake ba da rata, inda tsohuwar mota ma tana iya cin kofi.

Akwai kuma wahalar daidaita kamfanoni uku masu inji iri daban-daban. Na Chevrolet da na Dodge suna da girman ciki kusan ɗaya, inci kubik 350 da 354, na Ford kuwa ƙarami ne amma yana da kamshaf huɗu kuma yana jure juyawa da sauri. Hukumar NHRA takan gyara ƙa'ida idan ta ga wani ya yi nisa, ta ƙara masa nauyi ko ta sauya girman fulin da ke juya na'urar cusa iska. Manufar tana da kyau, domin idan iri ɗaya ya riƙa ci kullum 'yan kallo za su gaji, amma kowane gyara yana nufin sabon gwaji da sabon kashe kuɗi, kuma mai ƙaramin ƙarfi shi ne yake daɗewa bai farfaɗo ba. Na koyi cewa wanda ke rubuta ƙa'ida yana kashe kuɗin wasu ne da alƙalaminsa, kuma ya kamata ya riƙa tuna haka kafin ya sauya ko da lamba ɗaya a tsakiyar kaka.

Tarihin rukunin Pro Stock, wanda aka fara a 1970 da motocin da suka yi kama da na shago, gargaɗi ne a fili. A hankali motocin suka zama ƙarafa da aka haɗa aka lulluɓe da jiki mara nauyi, tsada ta kori da yawa, har ta kai kusan kowace mota a layin Camaro ce, kuma a 2018 aka yarda a saka kowane inji a kowane jiki domin a samu bambancin kamanni. Showdown ya samu karɓuwa ne saboda ya dawo da abin da Pro Stock ya rasa, kuma hanyar da ta kai wancan inda yake a buɗe take ga wannan.

Makomar rukunin ta fi rataya a kan abin da ke faruwa a masana'antu fiye da abin da ke faruwa a filin tsere. An daina ƙera Challenger a ƙarshen 2023 a masana'antar Brampton da ke Kanada, Camaro ma ta tsaya a daidai wannan lokaci, sai Mustang kaɗai ta rage mai sabon samfuri daga cikin ukun. Filaye ma suna raguwa, domin filin Englishtown da ke jihar New Jersey ya daina wannan tsere a 2018, Bandimere na kusa da Denver ya rufe bayan kakar 2023, galibi saboda gidaje da rumbunan ajiya sun matso kuma ƙasar ta yi tsada. A 2023 NHRA ta buɗe wani sabon rukuni mai suna Factory X, na motoci marasa nauyi masu giyar hannu, wanda ya fi gudu amma ya fi nisa da motar shago, kuma yana neman direbobi da masu ɗaukar nauyi daga tafki ɗaya da Showdown. Kamfanonin sun gwada lantarki, Chevrolet da eCOPO a 2018, Ford da Cobra Jet 1400 a 2020, kuma gudunsu ya nuna cewa batir ba ya jin tsoron rubu'in mil, sai dai yawancin mutanen da na gani suna biyan kuɗin shiga sun zo ne har da kunnuwansu da ƙirjinsu, domin rugugin injin yana cikin abin da suka saya.

A ganina motocin da aka riga aka ƙera sun isa su riƙe rukunin na shekaru masu yawa, kamar yadda tsofaffin motocin Hemi Dart da Barracuda na 1968 suke tsere har yau a Indiyanapolis. Abin da zai yanke hukunci shi ne ko hukumar za ta bar ƙa'idojin su zauna wuri ɗaya na tsawon lokaci, ta riƙe tayar a inci tara, ta ƙi yarda a rage nauyi ko a sauya surar jiki, ta kuma taƙaita sassan da ake iya canzawa a inji, domin mai mota ɗaya da bakanike ɗaya ya san cewa abin da ya saya bana zai yi masa aiki baɗi.