Kwana biyu a wani ƙauyen Rajastan

Shekaranjiya muka sauka Kano. Jinyar yayana ce ta kai mu Delhi, da ya samu sauƙi sai na hau jirgin ƙasa zuwa Ajmer, a jihar Rajastan ta Indiya. Mai adaidaita sahun da na tara a tasha ya yanka mini rufi 300, na taya 100, muka shirya a 150. Kafin magariba mun saba, har ya rantse sai na kwana a ƙauyensu, kusa da Kishangarh, garin masu yankan marmara.

Da na buɗe ido da safe sai na ga kamar ina karkarar Daura: gero, awaki, raƙumi yana jan amalanke, mata da tuluna a kai. Mahaifiyarsa ta gasa mana gurasar gero, ta kwarara man shanu ba awo. Na miƙa mata kuɗi, ta ture hannuna.

Ƙauyen ƙarami ne, amma a rarrabe yake. Nan unguwar Jat manoma, can Gujjar makiyaya, ga babban gidan Rajput, jinin sarauta, a tsakiya. Su mai masaukina, Meghwal, suna can gefen gari, domin sana'ar kakanninsu jima ce da saƙa. Mun tsaya gaisuwa a ƙofar wani manomi, aka kawo shayi. Ni baƙo aka ba ni kofin gida. Mai masaukina kuwa ya miƙa hannu cikin wata 'yar taga a katanga ya ciro wani tsohon kofi, aka tsiyaya masa daga sama don kada butar ta taɓa. Da ya shanye ya wanke da kansa ya mayar. Shayin nan da ƙyar ya wuce mini maƙogwaro. Mu ma a gida akwai masu hana 'yarsu auren mahauci ko wanzami, ban kuma taɓa jin daɗin haka ba, amma kwano ɗaya muke sa hannu, sahu ɗaya muke tsayawa. Tun 1950 tsarin mulkin Indiya, a sashe na 17, ya haramta wannan ƙyama. Ƙidayar 2011 ta ce mutanen jihar sun haura miliyan 68, kusan kashi 18 cikin ɗari 'yan Dalit ne, wato waɗanda ake ƙyama saboda asalinsu, irin abokina.

A makarantar gwamnati na samu sanyi. Da rana ta take aka shimfiɗa tabarmi, yara suka jeru da farantansu, ɗan Jat kusa da ɗan Meghwal, aka zuba musu romon wake da gurasa kyauta. Dokar 2009 ta wajabta karatu kyauta daga shekara 6 zuwa 14. Sai dai na leƙa azuzuwa: aji ɗaya cike da 'yan mata, aji takwas kuwa ka ƙirga su da yatsu. Sakandare na wani gari, iyaye suna tsoron hanya, ga kiwo, ga baiko da wuri. A ƙidayar nan dai, matan jihar da suka iya karatu ba su wuce kashi 52 ba. 'Yar abokina tana aji takwas. Ta ce mini baɗi gwamnati za ta ba ta keke, kamar yadda ake ba 'yan matan aji tara, kuma uban ya riga ya yarda.

Jaipur, babban birnin jihar, na yi wuni ɗaya, tsada da cunkoso, masu sayar da tsaraba ba sa sakin mutum. Na sayi littattafan rubutu goma sha biyu na ba wani direban bas ya kai mata. Daga nan sai Delhi.