Tarihin Sakkwato ba Hubbare kaɗai ba ne

Duk baƙon da ya shigo garin ga hanya ɗaya muke bi da shi, Hubbare inda kabarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake, Masallacin Shehu, a tsaya ƙofar fadar Sarkin Musulmi a ɗau hoto, shikenan wai ya ga Sakkwato. Ba raini nike ba wallahi. Amma wanga ɓangaren ai ba shi cikin haɗari, ɗan firamare ma ya san Muhammadu Bello ɗan Shehu ya kafa garin a 1809, Shehu ya rasu 1817, Turawa sunka shigo bayan yaƙin Giginya a 1903. An rubuta, an sake rubutawa, Waziri Junaidu Allah jiƙan shi ya yi nashi har ya bar duniya a 1997, ga hukumar tarihi nan mai sunan shi.

Abin da ke damuna shi ne sauran mutanen. Waɗanda sunka ƙera takubba da masu da linzami, kamar maƙeran unguwar Maƙera Assada, da marina, da dukawa, da majema. Fatar jan akuyarmu fa ita ce fatake ke ƙetare Sahara da ita har Turawa sunka riƙa kiranta fatar Maroko don can suke sayenta, to wa ya jeme ta? Mi sunan shi, ɗan wace unguwa ne? Shiru.

Akwai wani tsohon majemi kusa da mu, Baba muke ce mai, ido ya fara tafiya amma kai garau. In ka zauna da shi zai faɗa ma yadda ake jiƙa fata cikin ruwan toka har gashi ya saki, a kankare, a sa ta cikin kashin kaji ta yi laushi (warin kam sai mai haƙuri), sannan bagaruwa, sannan a shafe da mai, jan launin kuma karan dafi ne. Da yatsa biyu yake murza fata ya ce ma wagga ta sha bagaruwa, wagga an yi mata gaggawa. Ya san sunan wanda ya koya ma uban shi, ya san gidan da kakanninsu sunka fara sauka da dalilin zuwansu. Jikokin shi ɗaya kabu-kabu yake, ɗaya cajin waya, kuma ban ga laifinsu ba tunda sana'ar ba ta ciyarwa kamar da, amma ko ɗaya bai taɓa zama ya tambaye shi komi ba.

Sai takardu. Gidaje da yawa na cikin gari akwai akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado cike da rubutun ajami, wasiƙu, lissafin bashi, waƙoƙi, sunayen iyaye da kakanni. Na gidanmu sai bayan rasuwar kaka anka buɗe, gara ta gama da rabi, wasu sun manne saboda ruwan damina, wani cikin dangi har cewa ya yi a ƙone tunda ba mai iya karantawa. Inna ce ta hana.

Ganuwa kuwa sai suna. Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kade, Ƙofar Taramniya, yau kwatancen mai adaidaita ne kawai, tambayi yaro ina katangar ta bi ka ga ido.

Ni dai na fara ɗaukar muryar Baba da waya, da izinin shi. Na lura in ka ce "Baba ba ni tarihi" sai ya ce shi ba malami ba ne, je ka fada. Amma ka ce "Baba wa ya fara sa maka wuƙa a hannu?" to ranar sai batir ya mutu. Tsofaffin mata sun ma fi riƙe wa ya auri wa, da waƙoƙin daka da na niƙa, sai dai mace 'yar'uwarsu ta fi iya jawo su, don haka ƙanwata na ba wanga aikin.

Masu takardu kuma don Allah a ɗaga su daga ƙasa, a nisanta su da danshi, kar a manna musu salatif ko a kai su laminatin don lalata su yake. A ɗauki hoton kowane shafi a tura ma 'yan'uwa biyu ko uku, sannan a nemi malamin zaure mai karanta ajami ya karanta ana ɗaukar muryar shi.