Yau Alhamis, na koma ganin likita

Da sassafe na tafi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ranar duba idon roban da aka sa min ce. A bakin get na miƙa wa mai adaidaita kuɗinsa sai hannuna ya tsaya a iska, shi yana can ni ina nan, ya kalle ni ya yi dariya nima na yi, to ya zan yi.

Abin da mutane ba su gane ba kenan, idon dama na nan garau, ina karanta rubutu a waya, amma auna nisan abu na kusa shi ne wahala. Likita ta ce min "Malam, kowane ido hoto ɗaya yake ɗauka, ƙwaƙwalwa ke haɗa biyun ta gane zurfi, yanzu ɗaya ya rage sai ta koyi wata hanyar." Wai da girman abu da inuwarsa take amfani, da kuma motsin kai, in ka ɗan karkata kai abin kusa ya fi na nesa saurin gusawa. Ashe shi ya sa Maman Abba ke cewa na koma kaman ƙadangare, kullum kaina na rawa, ni ban ma san ina yi ba wallahi. Abu mai nisa kuwa babu matsala sosai, dama can ba da ido biyu ake auna shi ba.

Zuba shayi yanzu sai na ɗora bakin buta a kan kofi tukun. Saukowa daga bene da tsallake kwata ƙafa ce ke fara lalube. Amma gaskiya an samu sauƙi, da farko ko cokali sai na yi ta kai hannu.

Wanda ya fi ci min rai gefen hagu ne. Bayan la'asar wani dattijo a layinmu ya tare ni wai na fara girman kai, ya ɗaga min hannu jiya na wuce. Na ce Baba ku yi haƙuri, duk wanda ya tsaya ta hagu sai na juya kai gaba ɗaya nake ganinsa. Shi ya sa a masallaci nake neman ƙarshen sahu inda bango zai zama a haguna.

Likita ta sake jaddada min tabarau mai ƙarfin gilashi, kar in cire ko a shago, tunda ɗayan nan shi kenan min. Kuɗinsa ne dai, sai albashi ya shigo.